Addu'a a ɗakin likita: yadda abin yake a asibitocin 'yan mishan

Masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Idan ka kama titin kwalta daga Birnin Ƙonni ka yi gabas, kafin ka kai Madawa za ka ratsa wani gari mai suna Galmi, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Yawancin mutane da albasa suka san garin. Amma akwai wani abin da ke jawo jama'a can, har daga tsallaken iyaka a Najeriya: asibitin da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ƙarƙashin wani likita Ba'amurke, Dokta Burt Long. Har yau likitoci da nas-nas Kirista na zuwa wurin daga ƙasashe masu nisa, wasu su yi shekaru, wasu makonni kaɗan su koma. Kusan duk majinyatan da suke dubawa Musulmi ne. To a irin wannan wuri, ina addu'ar Kirista take shiga? Wa ke yin ta, da yaushe, kuma da yardar wa?

Bari mu ɗan koma baya. A 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato har da ƙasar Hausa. A 1894 rashin lafiya ta kashe biyu daga cikinsu, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Daga nan SIM ta samo asali. A 1902 wani mai sayar da magani daga Kanada, Andrew Stirrett, ya bar sana'arsa ya biyo sahu. Hausawa suka laƙaba masa Bature Mai Magani, kuma a Najeriya ya rasu a 1948. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi na Arewa. Sai a shekarun 1930 aka bar su su riƙe wuraren jinyar kuturta, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Ke nan ta hanyar jinya suka samu shiga inda wa'azi bai kai su ba. Wanda ya ce yana zargin akwai wata manufa bayan maganin, ba ƙirƙira ya yi ba, tarihi ya ba shi hujja. Su ma 'yan mishan ɗin ba su ɓoye ba: sun ce bishara ce ta kawo su.

Dalilinsu yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Luka sura 9, Yesu ya aiki almajiransa su yi shelar Mulkin Allah, su kuma warkar da marasa lafiya, aiki biyu a aike ɗaya. A Matiyu sura 25 ya ce wanda ya duba mara lafiya, shi ya duba. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a. Shi kansa Luka, marubucin ɗaya daga cikin Linjilu huɗu, likita ne. Saboda haka a wurin Kirista mai wannan aiki, allura da addu'a ba kishiyoyi ba ne.

Yanzu mu shiga cikin aikin. Addu'ar farko ta yini, majinyaci ma ba ya wurin. A yawancin asibitocin mishan ma'aikata kan taru da sassafe, a yi waƙa, a karanta aya, a roƙi Allah hikima da ƙarfi, sannan a watse zuwa ɗakunan jinya. Mai kallo daga waje zai ɗauka al'ada ce kawai. Amma ka duba wanda ke tsaye a wurin. Likita ne da ya yi shekaru yana aiki a asibitin da na'ura ke ko'ina, jini na jiransa a firji, ƙwararren kowane fanni na kusa. Ya sauka a Sahel da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa. Ana kawo yara idanu fari fat saboda ƙarancin jini, wasu suna ta jijjiga. Ana kawo yaron da taifot ya huda masa hanji, cikinsa ya kumbura, an yi kwanaki ana gwada maganin gida. Ana kawo macen da ta kwana biyu ko uku tana naƙuda kafin a samu motar da za ta ɗauko ta. Irin wannan baƙo yana iya ganin mutuwar yara a mako guda fiye da abin da ya gani a shekara a ƙasarsu. Wasu lokutan ya san maganin sarai, kayan aikin ne babu, ko an makara. A ganina wannan addu'ar ta safe, da wadda yake yi shi kaɗai da dare bayan yaro ya mutu a hannunsa, su ne mafi gaskiya a duk addu'o'in wurin, domin babu wanda ake so a burge da su. Mutum ne ya ga iyakar iyawarsa, yana neman abin da zai tashe shi gobe ya koma ɗakin yara.

Addu'a ta biyu ita ce ta ɗakin tiyata. Kafin a ba da allurar barci, likita ko nas yakan ce wa majinyaci: mu Kirista ne, mun saba roƙon Allah kafin mu fara aiki, ka yarda mu yi maka? Da yawa sukan ce to. Ba abin mamaki ba ne, gama Bahaushe ba ya raba jinya da ambaton Allah. Gaisuwar mara lafiya ma addu'a ce: sannu, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Musulmi kuma ya san Annabi Isa, ya san Alƙur'ani ya ambaci yadda ya warkar da makaho da mai cutar fata da izinin Allah. Sai dai Kirista yana rufe addu'arsa da cewa a cikin sunan Yesu, kuma abin da yake nufi da hakan ya sha bamban da abin da Musulmi ya gaskata. Mai gaskiya ba zai rufe wannan bambanci ba don a ce masa to. Zai faɗa tun farko, ya bar mutum ya zaɓa.

A nan ne matsalar take. Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mutumin da ke kwance a kan gadon tiyata, ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota, wuƙa na hannun wanda ke tambayarsa, yaya za a yi ya ce a'a? Ga kunya, ga girmama baƙo, ga tsoron kada a yi masa aikin ganin dama. Amsar to da aka samu a wannan hali ba kullum take nufin yarda ba.

Abin ya fi fitowa fili a tafiye-tafiyen gajeren lokaci, irin waɗanda coci-coci na Amurka suka saba yi zuwa Honduras, Guatemala, Haiti da ƙasashen Afirka. Ayari ya zo na mako ɗaya ko biyu, a mayar da ajin makaranta ko majami'a wurin duba marasa lafiya. Ka yi rajista, a auna jininka, ka ga likita, ka karɓi magani. A wasu ayarin akan ajiye teburin addu'a ko na wa'azi a tsakanin likita da mai ba da magani, da hujjar cewa ai jira ake yi kafin a haɗa ƙwayoyi. Masu shirya hakan galibi da kyakkyawar niyya suke yi. Amma ka tsaya a layin, ka ga abin da idon mai jira ke gani: sai ka bi ta wurin fasto kafin ka kai ga magani. Ko ba a furta ba, addu'a ta zama kuɗin shiga. Da za a matsar da teburin nan gefe, bayan mutum ya riƙe maganinsa a hannu, ya je idan ya so, ya wuce gida idan bai so ba, da an kawar da yawancin zargin. Ƙila masu zuwa teburin su ragu. Waɗanda suka zo kuwa don kansu suka zo.

Kuma ba sai an aro hujjar wannan daga waje ba. A Luka sura 17, kutare goma suka roƙi Yesu, duka goman suka warke, ɗaya ne kawai ya dawo ya yi godiya, shi ma Basamariye, wato bare a wurin Yahudawa. Yesu ya tambaya ina sauran taran, amma bai mayar musu da cutar ba, bai kuma gindaya musu sharaɗi tun farko ba. Ƙa'idojin zamani ma hanyar suka bi. Kundin ɗa'a da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka fitar a 1994, wanda ƙungiyoyin Kirista da dama suka sa wa hannu, ya ce ba za a ɗaura agaji a kan karɓar wata aƙida ba. Hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya ta yarda likita ya yi maganar imaninsa idan majinyaci ne ya tambaya ko ya nuna yana so, ta kuma hana matsa masa. Likitan da ba zai yi wa majinyaci abu a Landan ba, babu dalilin da zai yi shi a ƙauyen Adar don kawai ba mai sa masa ido.

Akwai ƙananan abubuwa da baƙo kan taka ba da sani ba. A wasu ikkilisiyoyi ɗora hannu a kan wanda ake wa addu'a abu ne na yau da kullum. Namiji baƙo ya ɗora hannu a kafaɗar matar aure a gaban danginta, ya tayar da maganar da za ta daɗe bayan ya tafi. Sannan ga tafinta. Yawanci Kirista ne ɗan ƙasa, ta bakinsa kowace kalma ke fita. Baƙo zai hau jirgi, shi kuwa gobe zai haɗu da mutanen nan a kasuwa. Idan tafinta ya ce a nan ba a yin haka, a saurare shi.

Sai tambayar da wasu ke jira: addu'ar tana warkarwa? An taɓa gwada aunawa. A 2006 aka wallafa wani babban bincike a Amurka ƙarƙashin Dokta Herbert Benson, a kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya a asibitoci 6. Wasu baƙi da ba su san su ba suka yi wa wani rukuni addu'a daga nesa. Ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba: kashi 52 da kashi 51 cikin 100 suka samu matsala bayan tiyata. Rukunin da aka tabbatar musu ana yi musu addu'a ma sun ɗan fi, kashi 59. Masu shakka suka ce ga shi nan. Malaman Kirista da yawa suka ce tun farko tambayar ce ba daidai ba, domin addu'a roƙo ce, ba ƙwaya ba ce da za a auna ƙarfinta, kuma ba a jarraba Allah. Kowane ɓangare ka tsaya, darasin aiki ɗaya ne: kada a yi wa mara lafiya alkawarin da ba a hannun mutum yake ba, kada kuma a ce masa ya ajiye magani don an yi masa addu'a. Mai ciwon suga ko hawan jini da ya daina shan magani saboda an ce ya warke, zai dawo a wahale, idan ma ya dawo. Asibitocin mishan na gaske ba su yarda da wannan ba. Taken asibitin Tenwek a Kenya shi ne mu muna jinya, Yesu ke warkarwa. Jinyar ce farko a jimlar, kuma ba a tsallake ta.

Wannan ya kai mu ga raunin gajeriyar tafiya da addu'a ba ta rufewa. An ba dattijo maganin hawan jini na kwana 30, an yi masa addu'a da hawaye, ayari ya tafi. Ranar 31 fa? An yi wa mace aiki, ɗinki ya ruɓe bayan mako guda, wa zai duba? Shi ya sa zuwan baƙo ya fi amfani idan ya shigo ƙarƙashin asibitin da ke nan dindindin, irin Galmi, ko cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda ta fara da jinyar kuturta, a 2012 kuma aka buɗe sashen yoyon fitsari a cikinta. A irin waɗannan wurare baƙo yakan riƙe aiki ne don likitan wurin ya samu hutu, ko ya koyar da wata dabara, majinyaci kuma yana da inda zai koma.

Wasu likitocin mishan sun ɗauki wannan matsala da gaske har suka canza salon aikin. A 1997, a asibitin Bongolo na ƙasar Gabon, Dokta David Thompson ya fara horar da likitocin Afirka aikin tiyata, shirin da aka sani da PAACS. Horon na shekara 5 ne, ana haɗa shi da nazarin Littafi Mai Tsarki, da burin waɗanda suka gama su zauna su yi aiki a nahiyar. Shirin ya bazu zuwa asibitocin mishan a ƙasashe da dama, Galmi na cikinsu. A irin waɗannan asibitoci, wanda ke riƙe da wuƙar tiyata yau sau da yawa ɗan Afirka ne, kuma shi ne zai cire ɗinkin idan majinyaci ya dawo.