Haƙuri ba zai cike gurbin nas ɗin da ta tafi ba

Masu sauraro, sau da yawa idan aka taru a kan matsalar ma'aikatan jinya a Najeriya, shawarar da ake tashi da ita ita ce a koya musu juriya, a horar da ɗalibai su iya shanye wahala. Wace juriya ce ta rage da ba su nuna ba?

A farkon 2024, magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya faɗa da bakinsa cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Matakin da hukumar ta ɗauka a lokacin shi ne sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita. Aka tare ƙofa, ba a kula da abin da ke korar mutane ba.

Ku dubi shugabar nas-nas a ɗakin haihuwa. Ita ke raba aiki, kuma mutanen da ke hannunta ba su isa ba. Wadda ta kwana a tsaye a aikin dare ita za a sake roƙo ta tsaya, domin babu mai karɓarta. Idan aka yi kuskuren magani, shugabar za a tuhuma. Idan ’yan uwan majinyaci suka fusata, ita za su zaga. Me ke hannunta da za ta ba na ƙasa da ita? Haƙuri kawai. Ita kuma wa ya taɓa tambayar lafiyarta?

A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ƙara guraben ɗaukar ɗaliban jinya daga 28,000 zuwa 64,000. Madalla, wataƙila nan gaba a ga amfaninsa. Amma wa zai koyar da su? Ƙwararrun da ke tsayawa a kan ɗaliba har ta iya sa ƙarin ruwa, ta iya karɓar haihuwa, su ne Ingila da Saudiyya ke kwashewa. Ɗaliba tana ganin malamarta a gajiye, ita ma tun kafin ta gama ta fara tanadin kuɗin fasfo.

Wasu za su ce ai jinya aikin lada ne. Lada na wurin Allah. Albashi da hutu suna wuyan gwamnati, kuma lada bai ɗauke mata wannan nauyi ba.

Da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, ba ta nemi taron bita kan juriya ba. Ta nemi a gyara alawus na aikin karɓa-karɓa da na yunifom, a ɗauki ƙarin ma'aikata, a buɗe sashen jinya a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Sun faɗi abin da ke damunsu ƙarara. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da gwamnonin jihohi su ɗauki ma'aikata, su biya alawus, su ba wadda ta kwana a bakin aiki hutunta, su daina ce mata ta yi haƙuri.