Darasin Turanci: Kalmar "run" ba gudu kaɗai ba ce

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. A ɗauko littafi da biro. Yau kalma ɗaya tak za mu yi wa zama, harafinta uku: R, U, N. Run.

Na san wani zai ce, haba Malam, ai tun firamare muka san wannan, gudu ne. To, ɗan'uwa, ka ɗan dakata. Da masu ƙamus ɗin Oxford suka sake bitar kalmar nan, a 2011 aka bayyana cewa sun ƙirga mata ma'ana 645, kuma a matsayinta na aikatau, wato kalmar aiki, kawai. A bugun 1989 kalmar set ce ke riƙe da kambu, da ma'ana 430.

Kada gabanku ya faɗi, mu ma haka muke yi. Ku dubi "ci". Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci bashi, ka ci zaɓe, kasuwa ma tana ci. Baturen da ya haddace cewa ci shi ne eat, ran da ya ji an ce wane ya ci amanar wane, sai ya tambaya da wace miya.

To, mu koma kan run. Ku rubuta: My uncle runs a bakery. Wata rana na ba 'yan aji wannan jimla, wani yaro ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce: "Kawuna yana gudu a gidan burodi." Aji ya kwashe da dariya, ni ma sai da na juya na kalli allo. Kawu ba tsere yake ba, shi ke gudanar da gidan burodin. Ku lura da kalmar da na faɗa, gudanar. Daga gudana ta fito, 'yar'uwar gudu. Kun ga a nan Hausa da Turanci hanya ɗaya suka bi.

Haka in an ce the tap is running, famfo ne ke zuba, a je a rufe. The engine is running, injin yana aiki, mota na tsaye wuri ɗaya amma a kunne take. My nose is running, mura ce, hanci ke yoyo. Hajiya, ke da kika jiƙa sabuwar atamfa ruwan ya koma ja, Bature cewa zai yi the colour ran, wato tana zuba. Akwai kuma running stomach da muke ji a Turancin Najeriya. Wannan ba sai na fassara ba, mu ma gudawa muke cewa, Allah ya raba mu da ita.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne in an liƙa mata 'yar ƙaramar kalma a baya. Run for governor, tsayawa takarar gwamna ne. Abin dariya, su gudu suke, mu tsayawa muke. Run out of petrol, mai ya ƙare. Run into, ka yi kiciɓis da mutum ba zato. Run over kuwa, mota ce ta take mutum ko dabba, don haka kada ka haɗa su. In ka ce I ran over my teacher alhali haɗuwa kuka yi a kasuwa, ka ja wa kanka zuwa ofishin 'yan sanda.

Saboda haka in ka buɗe ƙamus, kada ka damƙi ma'anar farko ka rufe. Dubi wane ne ke yin run ɗin, mutum ne, ruwa ne ko inji, sannan ka dubi kalmar da ta biyo baya.

Ga aikin gida, jimla ɗaya ce. A rubuta: We are running late, and my phone has run down. Run biyu ne a ciki, kuma babu wanda ya ɗaga ƙafa. Ku fassara, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da ita za mu fara.