Vokal ɗin Inna da na yi shekara biyu ban saurara ba

Assalamu alaikum. Shugaba, malam liman, iyayenmu mata da ke can baya wajen tukwane, ƴan uwa ƴan Damagaram mazauna Beljiyam, barkanmu da ganin juna. Minti goma aka ba ni, shugaba in na zarce ka ja mini riga kawai.

Bari mu fara da ɗan wasa. Daga yanzu zuwa minti ɗaya kar wanda ya tuna ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kar ka ga dogarai, kar ka ji algaita. To ga Alhaji can yana dariya, har ya je Birni ya dawo. Wasan nan ba ni na ƙago shi ba, wani malamin halayyar ɗan adam ne a Amurka, Daniel Wegner, ya yi irinsa a 1987, ya ce ma ɗalibai minti biyar kar su yi tunanin farin beyar, duk wanda abin ya faɗo ma rai ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta tashi. Da aka sake su kuma aka ce to yanzu ku tuna shi, sai suka fi waɗanda tun farko ba a hana ba yawan tunaninsa. Ni gadin dare nake yi, abin bai ba ni mamaki ba, wanda patron ya ce kar ka bari ya shigo ai fuskarsa kake kwana nema.

Da yawanku kun san Inna ta rasu ina nan, lokacin papiye ba su fito ba, ko janaza ban samu ba. Abin da ba ku sani ba shi ne kwana uku kafin nan ta turo mini vokal a WhatsApp ta wayar ƙanwata, ina wurin aiki na ce sai da safe, da safe barci ya kwashe ni, washegari ma haka, sai kira ya shigo. Wallahi daga ranar ban iya taɓa saƙon nan ba. Na ɓoye hirar can ƙasa inda ido ba ya gani, na ƙara awoyin aiki don kar in zauna shiru, na daina zuwa taron nan saboda na san wani zai ce ya haƙuri, na daina zuwa kasuwar Midi ta Brussels ran Lahadi don kar in haɗu da ɗan gida, kai har turaren wuta in na ji a jikin wata a metiro sai in sauya wago. Kowane gudu yana ba ni sauƙi na awa ɗaya ko biyu, shi ya sa nake ƙarawa, amma duniyata sai tsukewa take har ta koma ɗaki da wurin aiki. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai jiki ya karɓa. Barci ya ƙi, ƙirji kamar an ɗora buhun gero, wata rana a taram zuciya ta dinga bugu na tabbata mutuwa ce. Likita ya auna tansiyo, ya duba zuciya, aka ɗibi jini, komi lafiya. Ya ce me ya faru da kai kwanan nan, na ce lafiya lau, amsar da muke ba kowa ko gida na ci da wuta. Shi ya tura ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, na je ina jin kunya kamar wanda za a ɗaure a turu.

Ita ta faɗa mini abin yana da suna a wurinsu, wani Steven Hayes da abokan aikinsa sun rubuta a kai tun 1996, cewa gudun tunani da gudun abin da zuciya ke ji yana ƙarƙashin cututtuka da yawa, baƙin ciki mai kwantar da mutum, firgita, shaye-shaye. Nan na tuna samarinmu na gida da tramol, da yawansu so suke kai ya yi shiru kawai. Na tuna kuma waɗanda ke zaune cikinmu yau da suka biyo ta Agadez da Libiya da teku, ba su taɓa ba kowa labarin abin da suka gani ba. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a 2013, mafi yawa mata da yara, da yawa ƴan Kance ne ta jihar Damagaram, suna da dangi, wa ya taɓa zama ya ji yadda dangin ke kwana?

Na san za a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma musulmi haƙuri aka san shi da shi. Malam liman ka gyara mini in na kauce, amma ni dai na ga mun haɗa haƙuri da dannewa mun maida su abu ɗaya. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har suna gare ta, shekarar baƙin ciki. To mu wa ya koya mana namiji ba ya kuka?

Abin da likitar ta koya mini ba wani mai wuya ba ne a baki. In tunanin ya zo kar in kore shi kar kuma in yi gardama da shi, in ce a raina ga tunanin nan ya zo cewa na yi sake da Inna, in bar shi ya zauna kamar baƙon da ba ka so amma ka shimfiɗa ma tabarma, in ci gaba da abin da nake. Hukumar lafiya ta duniya ma ta gwada irin hanyar nan da matan Sudan ta Kudu ƴan gudun hijira a Yuganda, ta taimaka. Amma wanda abin da ya gani ya yi muni, irin na teku ko kurkukun Libiya, kar ya tono shi shi kaɗai cikin dare, ya nemi likita. Wanda ba shi da papiye ma yana da haƙƙin magani, ya je CPAS, ofishin taimakon jama'a na kwamin ɗinsa, ya tambayi taimakon lafiya na gaggawa, in kunyar faransanci ce ni zan raka shi. Lamba 107 kuma dare da rana akwai mai saurare, ba sai ka faɗi sunanka ba.

Vokal ɗin dai na buɗe shi a ofis ɗin likitar, hannuna na rawa. Ina jiran in ji Inna tana cewa ka yashe ni. Ashe cewa take an ce mata ƙasarku sanyi ya sauka, ka sayi riga mai kauri kar ka biye ma rowa, sannan famfo ya kawo ruwa bayan kwana huɗu sun cika randuna duka, ana jin zakara na cara a bayanta.

Shugaba roƙona ɗaya, a sa cikin tsarin ƙungiya, in an yi ma ɗayanmu rasuwa bayan ta'aziyyar farko mutum biyu su koma wurinsa bayan arba'in, lokacin da waya ta daina ƙara, su sha shayi, in ya ce lafiya lau kar su tashi da wuri. Ku rubuta sunana na farko. Na ga ana ta buɗe tukwane, wassalamu alaikum.