Lacca: Jirgin saman feda na yara, wanne ake ajiyewa, wanne ake hawa

Assalamu alaikum jama'a, na gode da kuka tsaya har wannan lokaci. Abin da nake nufi da jirgin feda shi ne karamin jirgin sama na karfe da yaro dan shekara uku ko biyar zai shiga ciki ya zauna, yana taka feda tayoyi na tafiya, a wasu ma akwai bel da aka hada da farfelar gaba, yana takawa farfela na juyawa. Ba tashi yake ba, amma ku je ku gaya wa yaron haka ku gani!

Abin ya samo karfi ne a Amurka bayan 1927, shekarar da Charles Lindbergh ya tuka jirgi shi kadai daga New York zuwa Paris, awa 33 da rabi bai sauka ba. To daga nan kowane yaro direban jirgi yake so ya zama, kamfanonin jihar Ohio irin su American National da Gendron a Toledo da kuma Murray mai tambarin Steelcraft a Cleveland suka dukufa kera su. Wanda masu tara tsofaffin kayan wasa suka fi bi da gudu shi ne Pursuit Plane na Murray, na wajen 1940, sai Amurka ta shiga yakin duniya na biyu karfe ya koma wajen kera makamai, aikin ya tsaya.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Mutum zai samu tsohon jirgi a gwanjo, fenti ya kode, tsatsa a karkashin kujera, fiffike daya ya lotsa, kafin ka ce kwabo ya dauko samfefa ya kankare shi tas ya fesa sabon fenti, wallahi abin yana min ciwo. Wannan kodadden fentin shi ne shaidar asalinsa, har gurbin da takalmin yaro ya cinye a jikin feda, duk tarihi ne. Ka goge kura, ka tsayar da tsatsar, ka sa mai a gabobi, shikenan ka bar shi haka. Kuma kar ka dora yaro a kai, don fentin wancan zamani sau da yawa akwai dalma a ciki, sai 1978 Amurka ta hana sa ta a fentin gida da kayan wasa, mu kuwa da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani.

Na hawa kuwa kera shi ake yi. A Oshkosh ta jihar Wisconsin, wajen babban taron jiragen sama na shekara-shekara, har jerin gwano yara suke yi da wadanda iyayensu suka hada da falanki. Kafinta ya yanka gangar jiki da fukafukai, mai walda ya lankwasa rodin feda, tayoyin karamin keke sun isa. Ku dai gajarta fukafukan don ya iya wuce kofa, ku murje duk wani kaifi, farfelar kuma a yi ta da abu mai laushi saboda yatsun kanne da za su rika zagaye shi.

Mai tambaya ya daga hannu, bismillah.