Amsoshin Tambayoyinku: Hawa da Saukar Murya a Turanci

Mai gabatarwa: To jama'a, lokaci na ta gudu. Wani daga Gusau yana tambaya ko sai ya yi magana ta hanci kafin a ce ya iya Turanci. Haba ɗan'uwa, bar hancin nan ya huta! Sai wata ɗaliba daga Zariya, kuma da yawa sun aiko da irin tambayarta. Ta ce Turancinta a takarda ba laifi, amma da ta buɗe baki sai a ce faɗa take yi. Malam, bismillah.

Malam: Ai mu Hausawa kunnenmu ya saba da karin sauti tun muna goye. Kukan yaro da kukar miya, sauti ne ya raba su. Bature kuwa kalmarsa tana nan yadda take, abin da ke ransa ne muryar ke nunawa. Wani masanin harshe, John Gumperz, ya kawo labari a 1982 na wasu mata 'yan Indiya da Pakistan masu zuba abinci a wani babban filin jirgin sama a Birtaniya. Za su tambayi mutum ko a sa masa romo, sai su ce "gravy" murya ta sauka. Turawa suka riƙa jin kamar an ce, ga shi nan, in ka ga dama ka ci. Aka yi ta ƙorafi wai matan ba su da ladabi, alhali bayin Allah tayi suke yi. Ni ma lokacin da muke aji uku...

Mai gabatarwa: Malam, a bar aji uku sai wani makon. Wato ƙanwata, in tayi kike yi, ko tambayar da amsarta i ce ko a'a, ɗaga murya a ƙarshe. Na sake faɗa: ɗaga ta a ƙarshe.

Malam: Haka ne. Amma tambaya da "where" ko "what", galibi sauka ake yi. Kuma kada a bi kowace gaɓa a buga mata guduma iri ɗaya. Kalmar da ta fi muhimmanci ita ake dannawa, sauran a wuce su da sauri.

Mai gabatarwa: Ni dai shawarata, ɗauki muryarki a waya ki saurara, za ki sha mamaki. Mai tambaya daga Maraɗi kan Faransanci, yi haƙuri, ga injiniya can yana nuna mini agogo.