Sharhi: Kuɗin Cefane da Girman Maigida

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai duba wata rigima da ke cin gidajen aure a ƙasar Hausa, musamman a manyan birane irin su Kano, wato rigimar da ke tashi idan nauyin ciyar da gida ya koma wuyan mace, amma iko da yanke hukunci suka ci gaba da zama a hannun namiji shi kaɗai.

Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya san aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ɗora wa maza shugabancin iyali. Magidanta da yawa sun haddace farkon ayar, suna kuma jawo ta a duk lokacin da gardama ta kaure, amma ba kowa ke son a ƙarasa masa ita ba, domin ɗaya daga cikin dalilai biyu da ta kafa shugabancin a kansu shi ne abin da maza ke ciyarwa daga dukiyoyinsu. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya ke aiki da shi, ci da sha da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji, ko da matar ta fi shi dukiya, kuma abin da ta samu daga gado ko daga sana'arta nata ne. A cikin Sahihul Bukhari, da Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta nemi sanin hukuncin abin da take kashe wa mijinta da marayun da ke hannunta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tana da lada biyu, ladan zumunci da ladan sadaka. Ke nan abin da mace ta saka a tukunyar gidan mijinta alheri ne ta yi, ba bashi take biya ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, lissafin gidaje ya birkice. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a shekarar 2024, to amma galibin magidantanmu ba 'yan albashi ba ne. Direban adaidaita sahu ne, ko lebura, ko mai ɗan tireda, wanda sai ya fita ya samo sannan a ɗora tukunya. Irin wannan magidanci yakan ajiye kuɗin cefane a ƙarƙashin matashi, ya sulale tun kafin uwargida ta idar da lazimin asuba, don kada a haɗa ido a ce masa ba za su isa ba. Ita kuwa ta ƙirga kuɗin, ta ga ko man gyaɗa da kayan miya ba za su saya ba, balle shinkafa da gawayi, sai ta buɗe gwangwanin da take tara cinikin awara ko kuɗin kitso, ta cike giɓin. Da dare maigida ya dawo ya tarar da tuwo a rufe, ya ci ya sha ruwa, bai tambayi yadda aka yi ba, domin ya san amsar, kuma amsar ba za ta yi masa daɗi ba.

Daga wannan shirun ne fitina take tsirowa. Namijin da ya taso yana jin cewa mutuncinsa a cikin buhun hatsin da ya sauke a gida yake, idan ya kasa saukewa, kunya takan rikiɗe masa ta koma fushi, sai ya fara neman girman ta wata hanyar: ya hana fita unguwa ba gaira ba dalili, ya hana sana'ar da ita ke riƙe da gidan, ko ya ranci jarin matar da alƙawarin zai mayar ƙarshen wata, watan kuma ya ƙi ƙarewa. Mafi ciwo shi ne wanda da zarar ya ga uwargida ta ɗauke masa nauyi, aljihunsa ya ɗan yi sauƙi, sai ya fara haɗa lefen amarya.

Ba kuma za a wanke mata duka ba. Akwai wadda da ta ga ita ke cika tukunya, sai gori ya zama abincin gidan, ta dubi mijinta a gaban 'ya'yansa ta ce, "Baban Ummi, yaushe rabonka da ka shigo da ko mudun gero gidan nan?" Mutumin da ya wuni a rana yana fafutuka bai samo ba daban yake da wanda ya wuni a majalisa yana shan shayi, kuma matar da ba ta bambance su ba ta zalunci na farko. Sai dai gorin mace, duk ɗacinsa, magana ce, alhali namiji na riƙe da abin da ya fi magana, wato igiyar auren kanta.

Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda ya yi nazarin digirinsa na uku a kan dokar iyali ta Musulunci, ya bayyana cewa da aka bi kundin wasu kotunan shari'a na Kano, ƙarar rashin ciyarwa ce ta fi kowace yawa a rigingimun ma'aurata, sannan ta cutarwa, wadda bugun mata ke cikinta. Abin lura shi ne shari'a ba ta bar mace haka nan ba. Idan miji ya kasa ciyarwa, alƙali na iya ɗibar masa wa'adi, in wa'adin ya cika bai kawo ba a raba auren, kuma Malikiyya ta bai wa matar da ta tabbatar da cutarwa damar a sake ta ko mijin bai so ba. Aya ta 35 ta wannan sura ta yi umarnin a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Amma a aikace, macen da ta yi yaji ta je gida, abin da ta fi ji daga iyayenta shi ne ta yi haƙuri, aure ibada ne, wani lokaci kuma ba don sun gamsu da mijin ba, sai don su ma bakin da ke gabansu ya ishe su. Wadda ta daure ta kai ƙara kuwa, da yake hujjar abin da ya faru a cikin ɗaki tana da wuyar kawowa, sau da yawa sai ta ƙare da hul'i, ta mayar da sadaki ga mutumin da ita ta yi shekaru tana ciyar da shi.

Idan kuma shi ne ya gaji, takarda guda ta isa. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta matuƙar tana idda, amma al'ada ta mayar da "tafi gidanku" tamkar wani ɓangare na sakin, a kwashe gado da kujerun da iyayenta suka sha wahalar saye, a loda su a a-kori-kura da tsakar rana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki mazan zamaninsa da ke ɗaukar matansu kamar ƙwaryar da ake mora har ta fashe sannan a jefar da ita a juji, kuma wannan suka ta haura shekara 200 ba ta tsufa ba.

Hukumomi sun taɓa lamarin, amma daga gefe. A shekarar 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangamin zawarawa a Kano, Hisbah ta hana. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara auren zawarawa, a watan Oktoban 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure, tare da sadaki da kayan ɗaki da ɗan jari ga amare, da sharaɗin kada ango ya yi saki sai ya koma wa Hisbah. Wannan jari shaida ce cewa ita kanta gwamnati ta san hannun mace na cikin ciyar da gida. Dokar iyali da Sarki Sanusi ya yi shelar ana tsarawa a 2017, wadda za ta taɓa ciyarwa da saki da ƙarin auren wanda ba shi da hali, ta sha suka daga wasu malamai, kuma har aka sauke shi a watan Maris na 2020 ba ta zama doka ba. Amma a 2024 jihar ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure. Majalisar dokokin da ta iya wannan za ta iya tilasta rajistar kowane saki a gaban alƙali, inda za a rubuta kuɗin idda da na ciyar da yara, a kuma lissafa rancen da miji ya karɓa daga jarin matarsa, a sa masa ranar biya kafin a miƙa mata takarda.