Hazon Hunturu da Hayaƙin Gari

Hajiya Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ina tare da Malam Garba da ƙaninmu Aminu, za mu tattauna a kan abin da duk mazaunin Kano ya sani a maƙogwaronsa, wato yadda gari ke wayewa a lulluɓe lokacin hunturu, har mutum ya kasa hango ƙarshen layinsu. Malam, motocin da ke kan titi a watan Agusta su ne dai a Janairu, to me ya sa iskar ta fi ɓaci yanzu?

Malam Garba: Hajiya, abu biyu ne suke haɗuwa, mutane kuma ɗaya kawai suke gani. Na farko shi ne ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne, inda iska ke matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Na biyu kuwa namu ne, hayaƙin itacen girki, da janareta, da adaidaita sahu, da bolar da ake cinna wa wuta, da tayoyin da matasa ke ƙonawa don jin ɗumi.

Aminu: Amma Malam, ai hayaƙi sama yake yi.

Malam Garba: Yana yin sama ne idan ya samu hanya. A daren hunturu babu gajimare, saboda haka ƙasa takan saki zafinta da sauri, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, yayin da ta samanta ke da sauran ɗumi. Sai mai ɗumin ta zauna a kan mai sanyin kamar faifai a bakin ƙwarya. Duk abin da aka ƙona daga magariba zuwa asuba a ƙarƙashin faifan nan yake taruwa, daidai inda muke shaƙa.

Hajiya Binta: Na sha ganin haka idan na fito rakiyar yara makaranta. Hayaƙin mai ƙosai ba ya tashi, sai ya miƙe ya kwanta a saman katanga kamar an shanya zane, kuma ba ya watsewa sai hantsi ya ɗaga.

Malam Garba: Abin da kika gani ke nan, domin sai rana ta gasa ƙasa iska take soma juyawa. Irin wannan yanayi ne ya kama birnin Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952. An yi sanyi, iska ta tsaya cik, kowane gida yana ƙona kwal, hayaƙin ya gauraya da hazo har motocin haya suka daina tafiya. Da farko an ƙiyasta mutum 4,000 ne suka rasu, bincike na baya ya kai adadin kusan 12,000, kuma wannan ne ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Haka birnin Delhi na Indiya ke fama duk watan Nuwamba, lokacin da manoman jihohin Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa, iska kuma ta lafa, har akan rufe makarantu.

Aminu: To wace ƙura ce ta fi illa, wadda muke sharewa a kan tebur?

Malam Garba: Wannan kam, hanci yakan tare yawancinta. Wadda ta fi damuna ita ce ake kira PM2.5, mai faɗin da bai wuce maikiromita 2.5 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashi ɗaya yakan kai maikiromita 70. Tana ratsawa har can cikin huhu, ta tayar da asma, ta wahalar da masu ciwon zuciya da jarirai. A damina ruwan sama yana wanke ta, a hunturu kuwa babu mai wankewa.

Hajiya Binta: Shi ya sa ƙona shara da daddare yake ci mini rai. Mai ƙonawa yana ganin ya zaɓi lokacin da kowa ya kwanta, bai san ya zaɓi lokacin da hayaƙin ba shi da wurin zuwa sai ɗakin maƙwabcinsa ba, inda tsohuwa ke tari tun tsakar dare.